Sharhi: Takardar gwajin zuciya da haɗarin dawowar shanyewar ɓarin jiki a Najeriya

A ranar da ake sallamar mai fama da shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, iyalansa kan koma gida da leda cike da takardu, daga rasit na kuɗin gado zuwa sakamakon gwajin jini da katin ranar dawowa ganin likita. A cikinsu, idan an yi sa'a an yi gwajin, akwai wata takarda mai ƙananan murabba'ai da wasu layuka masu hawa da sauka a kanta. Ita ce takardar gwajin bugun zuciya, wanda ma'aikatan asibiti ke kira ECG. Hankalin iyali kan karkata ga gashi da neman yadda hannu da ƙafa za su sake motsi, ita kuwa takardar sai a ninke ta a jefa cikin akwati. Alhali a wasu lokutan a jikinta ne amsar tambayar da ta fi damun kowa take: ciwon zai dawo, kuma da me za a tare shi?

Tambayar tana da tushe. Wani nazari da mujallar Stroke ta wallafa a 2011, wanda ya haɗa sakamakon bincike daga ƙasashe da dama, ya nuna cewa daga cikin waɗanda suka tsira daga bugun farko, kusan kashi 3 cikin 100 ciwon kan dawo musu cikin wata guda, kashi 11 cikin shekara ɗaya, kashi 26 cikin shekaru biyar, sannan kashi 39 cikin shekaru goma. Bugu na biyu kuwa yakan sami ƙwaƙwalwar da ta riga ta raunana, don haka ya fi jawo naƙasa mai tsanani ko mutuwa. Kowace shekara a ranar 29 ga watan Oktoba ana bikin ranar yaƙi da wannan ciwo ta duniya, kuma jawaban da ake yi sun fi mayar da hankali kan gane alamun farko, wato karkacewar baki da mutuwar hannu da sarƙewar magana. Batun abin da ke biyo bayan sallama daga asibiti bai cika samun irin wannan kulawa ba.

Yadda lamarin yake a Najeriya

Bayanan da suka fi inganci game da wannan ciwo a Afirka ta Yamma sun fito ne daga binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya kasance cikin jagororinsa. An gudanar da shi a asibitoci 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. Rahoton da mujallar The Lancet Global Health ta buga a 2018 ya kwatanta majinyata 2,118 da adadi irinsa na masu lafiya. An gano cewa kashi 68 cikin 100 na majinyatan jijiyar jini ce ta toshe musu a ƙwaƙwalwa, kashi 32 kuma jijiya ce ta fashe jini ya zuba. Matsakaicin shekarunsu 59 ne, wato ciwon yana kama mutanen yankin tun suna tsakiyar ɗaukar nauyin iyali. Hawan jini shi kaɗai aka danganta masa kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin.

Masu wannan bincike sun kuma duba takardun gwajin zuciya na ɗaruruwan majinyatansu, suka tarar fiye da huɗu cikin kowane biyar suna da aƙalla matsala ɗaya a takardar. Wannan adadi yana iya ruɗar mai karatu, domin matsalolin ba nauyinsu ɗaya ba. Akwai wadda ke sauya maganin da za a ba majinyaci gaba ɗaya, akwai wadda ke nuna ɓarnar da hawan jini ya daɗe yana yi, akwai kuma wadda ciwon ƙwaƙwalwar ne da kansa ya haddasa ta, kuma takan wuce bayan 'yan kwanaki. Rarrabe waɗannan shi ne aikin.

Abin da na'urar ke gani

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Kowane bugu yana farawa ne da wani ɗan siginar lantarki da ke tashi daga ɗakin sama na dama, ya ratsa ɗakunan sama su matse, sannan ya gangara ɗakunan ƙasa su tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Willem Einthoven, shi ne ya ƙera na'urar da ta fara auna wannan lantarki yadda ya kamata a farkon ƙarni na 20, aikin da ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1924. A yau ana manna wa mutum wayoyi goma, shida a ƙirji, huɗu a hannaye da ƙafafu, na'urar ta ɗauki bugun na kimanin daƙiƙa goma. Babu allura, babu zafi, kuma yana cikin gwaje-gwajen zuciya mafi araha. Ka'idojin da ƙungiyoyin likitocin zuciya da na shanyewar jiki na Amurka suka fitar a 2021 sun ce a yi wa duk wanda ake zaton ya samu wannan ciwo.

Karkarwar zuciya

Matsalar da ta fi muhimmanci wajen dawowar ciwon ita ce karkarwar ɗakunan saman zuciya. A wannan hali ɗakunan sama kan daina matsewa bisa tsari, su riƙa karkarwa kawai, sai bugun ya rikice, wani ya zo da sauri, wani ya yi jinkiri. A takarda, ɗan tudun da ke nuna matsewar ɗakunan sama yakan ɓace, tazarar da ke tsakanin bugu da bugu kuma ta daina daidaita. Da yake jini ba ya fita sosai, sai ya kwanta a wani ɗan aljihu da ke jikin ɗakin sama na hagu ya daskare. Ranar da gudan jinin ya ɓalle, hanya ce miƙaƙƙiya zuwa jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Binciken da aka daɗe ana yi kan mazauna garin Framingham na Amurka ya nuna a 1991 cewa wannan karkarwa tana ninka haɗarin shanyewar jiki kusan sau biyar. Muddin ba a magance ta ba, masana'antar da ta ƙera gudan jini na farko tana nan tana aiki.

Abin da ya ba wa gano ta muhimmanci shi ne akwai maganin da ke aiki, kuma ya bambanta da wanda ake ba sauran majinyata. Galibin waɗanda jijiya ta toshe musu asfirin ake ba su. Ga mai karkarwar zuciya, asfirin bai wadatar ba. Wani gwaji da aka yi a Turai, wanda The Lancet ta wallafa a 1993, ya ɗauki masu karkarwar zuciya da suka riga suka samu ƙaramin bugu. Waɗanda ba a ba su maganin hana daskarewar jini ba, kashi 12 cikin 100 ciwon ya riƙa dawo wa a kowace shekara. Waɗanda aka ba su, adadin ya sauka zuwa kashi 4. Wani nazari na 2007 da ya haɗa gwaje-gwaje 29 ya ƙiyasta cewa maganin warfarin yana rage haɗarin da kusan kashi 64 cikin 100, irin su asfirin kuwa da kusan kashi 22. Majinyaci biyu na iya kwanciya a gadaje maƙwabta da alamu iri ɗaya, amma takardar gwajin zuciya ta raba musu hanyar magani.

Sai dai karkarwar tana da wayo, domin a mutane da yawa takan zo ta wuce, wani lokaci ba tare da mai ita ya ji komai ba. Gwajin daƙiƙa goma yana iya faɗawa a lokacin da zuciya ke tafiya daidai. A 2014 mujallar New England Journal of Medicine ta buga sakamakon bincike biyu kan majinyatan da aka rasa gano musabbabin ciwonsu. A na ƙasar Kanada, mai suna EMBRACE, na'urar da aka ɗaura wa majinyata ta kwana 30 ta kama karkarwar a kashi 16 cikin 100, yayin da ta awa 24 ta kama kashi 3 kacal. A ɗayan, CRYSTAL AF, an dasa wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fatar ƙirji: cikin wata shida ta gano kusan kashi 9, bayan shekaru uku kuma kusan kashi 30. Saboda haka takarda guda mai kyau ba ta wanke zuciya daga zargi.

Wannan yana da nasaba kai tsaye da Najeriya. Rahotanni daga asibitocin Afirka kan nuna ƙarancin karkarwar zuciya a tsakanin masu shanyewar jiki idan aka kwatanta da Turai. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne majinyatan nan sun fi ƙarancin shekaru, ita kuwa karkarwar ta fi kama tsofaffi. Amma akwai dalili na biyu: na'urar da ake ratayawa ta kwana ɗaya ko fiye tana ɗaukar bugun zuciya galibi a manyan asibitoci da cibiyoyin kuɗi na birane ake samun ta, don haka yawancin majinyata gwajin daƙiƙa goma kawai ake yi musu.

Tambarin hawan jini

Matsalar da aka fi gani a takardun majinyatan Najeriya ita ce kaurin bangon ɗakin ƙasa na hagu. Tsokar zuciya kamar kowace tsoka ce, idan ta yi shekaru tana tura jini a kan matsi mai yawa sai ta yi kauri, kuma layukan takardar su yi tsawo fiye da kima. Sau da yawa ɗakin sama na hagu ma yakan buɗe tare da shi. Mutum na iya cewa bai taɓa sanin yana da hawan jini ba, ko kuma ya ce yana shan magani, amma kaurin bangon zuciya shaida ce cewa jinin ya daɗe a sama. Jijiyoyin ƙwaƙwalwa sun sha wannan matsi na tsawon shekarun da zuciya ta sha, shi ya sa ake ɗaukar wannan alama a matsayin gargaɗi.

Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2021 ya nuna cewa a 2020 kimanin 'yan Najeriya miliyan 27.5 ne ke da hawan jini, kusan mutum ɗaya cikin manya uku. Ƙasa da kashi 30 cikin 100 ne suka san suna da shi, kashi 12 ke shan magani, kuma waɗanda jininsu ya daidaita ba su kai kashi 3 ba. Daga cikin wannan taro ne asibitoci ke karɓar masu shanyewar jiki, kuma cikinsa suke komawa bayan sallama.

Amfanin sauke jini bayan bugun farko a tabbace yake. Binciken PROGRESS na 2001, wanda ya ƙunshi mutum 6,105 da suka taɓa samun ciwon, ya nuna raguwar dawowarsa da kashi 28 cikin 100, kuma a wajen waɗanda aka haɗa wa magani biyu raguwar ta kai kashi 43. Shi ma kaurin bangon zuciya yana raguwa idan jini ya sauka. A binciken LIFE, da aka yi kan masu hawan jini fiye da 9,000 da takardunsu suka nuna wannan kauri, waɗanda alamar ta ragu a takardunsu na baya sun fi tsira daga shanyewar jiki da ciwon zuciya. Tambayar wane magani ya fi dacewa da baƙar fata kuwa, binciken CREOLE da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, aka wallafa a 2019, ya nuna cewa haɗin da ke ɗauke da amlodipine ya fi sauke jini. Ka'idojin Amurka na 2021 sun sa burin awon jini ga wanda ya taɓa samun ciwon ya kasance ƙasa da 130 bisa 80.

Inda takardar ke da iyaka

Ganin yadda buɗewar ɗakin sama na hagu ke yawan zuwa gabanin karkarwar zuciya, likitoci sun yi tunanin a ba masu wannan alama maganin hana daskarewar jini tun kafin a kama karkarwar. An gwada wannan a Amurka da Kanada a binciken ARCADIA, kan majinyata 1,015, kuma ɗaya daga cikin ma'aunan zaɓen su shi ne siffar tudun ɗakunan sama a takardar ECG. Sakamakon da mujallar JAMA ta buga a 2024 ya nuna babu bambanci: ciwon ya dawo wa kashi 4.4 cikin 100 a shekara, ko an sha apixaban ko an sha asfirin. Manyan gwaje-gwaje biyu na 2018 da 2019 kan majinyatan da ba a gano tushen gudan jininsu ba sun ƙare da irin wannan sakamako. Matsayar da ake kai a yanzu ita ce alamar buɗewar ɗakin sama dalili ce na ci gaba da neman karkarwar da dogon gwaji, kuma sai an gan ta ido da ido ake sauya magani.

Haka nan ƙwaƙwalwar da ta ji rauni tana iya rikita zuciya mai lafiya. Tun a 1954 likitan Amurka George Burch da abokan aikinsa suka bayyana yadda layukan takardar ke sauyawa a wajen masu shanyewar jiki, musamman idan jini ya zuba a kai, har su yi kama da na mai bugun zuciya. Irin waɗannan sauye-sauye kan lafa da kansu, don haka akwai hikima a maimaita gwajin bayan majinyaci ya farfaɗo. Akwai kuma matsalar ma'auni. Ƙa'idojin da ake bi wajen gano kaurin bangon zuciya an gina su ne galibi a kan Turawa, su kuwa baƙar fata, musamman matasa da sirara, layukansu kan yi tsawo ko da zuciyarsu lafiya lau take. Fassarar da na'ura ke bugawa da kanta a saman takarda tana yin kuskure, har ma a kan karkarwar zuciya. Dole ƙwararre ya karanta, kuma inda ake shakka hoton zuciya na eko ne ke raba gardama.

Babban haɗari shi ne fara maganin hana daskarewar jini ba tare da hoton ƙwaƙwalwa na CT ba. Tunda kusan ɗaya cikin uku na majinyatan yankin jini ne ya zuba musu a kai, ba su irin wannan magani, ko ma asfirin, yana iya zama ajalinsu. Alamun toshewa da na fashewar jijiya sukan yi kama, kuma takardar zuciya ba ta iya bambanta su.

Cututtukan zuciya na talauci

Akwai rukuni biyu na majinyata da ba su cika fitowa a binciken Turai da Amurka ba, amma likitocin Najeriya sun san su. Na farko su ne waɗanda ciwon maƙogwaro da ba a yi maganinsa ba tun suna yara ya lalata musu ƙofofin zuciya. Ƙofar da ta ƙuntace tana sa ɗakin sama ya buɗe, karkarwa ta biyo baya, sai a ga matashi ko matashiya mai shekara 25 ko 30 da shanyewar jiki. Binciken INVICTUS na 2022, kan mutane fiye da 4,500 a ƙasashe 24 na Afirka da Asiya da Latin Amurka, ya nuna cewa a wajen irin waɗannan majinyata tsohon maganin warfarin ya fi sabon maganin rivaroxaban rage mace-mace. Shi kuwa warfarin yana buƙatar gwajin jini na INR a kai a kai don a tabbatar awon yana tsakanin 2 da 3, kuma yawan ganye irin alayyahu da kabeji a abinci yana shafar ƙarfinsa, don haka ake son mai shan sa ya daidaita cinsu kada yau da yawa gobe babu. Majinyacin da ke ƙauye mai nisa da ɗakin gwaji yana cikin tsaka mai wuya: idan maganin ya yi kaɗan jini ya daskare, idan ya yi yawa ya zuba.

Rukuni na biyu su ne mata masu raunin zuciya na bayan haihuwa, ciwon da likitoci a Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, kuma arewacin Najeriya na cikin yankunan da aka fi samun sa a duniya. Zuciyar da ta yi rauni ba ta fitar da jini sosai, sai guda ya taru a ɗakin ƙasa na hagu. Mai jegon da ta samu shanyewar jiki tana buƙatar a duba zuciyarta da ECG da eko tun a kwanakin farko.

Kuɗi da tsari

Ilimin yana nan, abin da ya rage shi ne isar da shi ga majinyaci. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Iyalin da suka biya kuɗin hoton ƙwaƙwalwa da gado da gashi sukan fara yanke abin da suke ganin ba na gaggawa ba ne, kuma gwajin zuciya da komawa asibiti su ne kan gaba. Faɗuwar darajar naira tun 2023 ta ɗaga farashin magungunan da ake shigowa da su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sababbin magungunan hana daskarewar jini cikin jerin magunguna masu muhimmanci tun 2019, amma har yanzu sun fi ƙarfin talaka. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa tare da tanadin asusu don masu rauni, sannan a watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire haraji daga kayan haɗa magunguna. Ma'aunin nasarar waɗannan matakai shi ne ko mai shanyewar jiki zai iya sayen maganin jininsa kowane wata ba tare da ya tsallake ba.

Wasu gyare-gyaren ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Kowane babban asibitin jiha zai iya sa gwajin ECG cikin abin da ake yi wa mai shanyewar jiki ranar da aka kwantar da shi, a maimaita kafin sallama, a rubuta fassarar cikin takardar sallama da kalmomin da ma'aikacin ƙaramin asibiti zai gane. Inda babu likitan zuciya, ana iya ɗaukar hoton takardar da waya a tura wa ƙwararre a asibitin koyarwa. Shirye-shiryen kula da hawan jini a cibiyoyin lafiya na matakin farko, irin waɗanda aka fara a Kano da Ogun da Babban Birnin Tarayya, za su iya haɗa taɓa jijiyar hannu na minti ɗaya da kowane awon jini, domin bugun da ba shi da tsari yatsa ma yana jin sa, kuma duk wanda aka ji wa haka a tura shi gwaji. Gwajin INR kuwa ya kamata ya sauko daga asibitocin koyarwa zuwa manyan asibitocin ƙananan hukumomi.

Su ma iyalai suna da nasu rabon. Ya kamata su adana takardar gwajin zuciya su riƙa zuwa da ita duk ranar ganin likita, domin kwatanta tsohuwa da sabuwa yana nuna abin da guda ɗaya ba za ta nuna ba. Suna da haƙƙin tambayar likita ko an ga karkarwar zuciya, ko bangon zuciya ya yi kauri, da kuma awon jinin da ake son majinyaci ya tsaya a kai. Samun sauƙi da dawowar tafiya ba dalili ba ne na ajiye magani, haka ma komawa ga maganin gargajiya ko addu'a ba ya hana a ci gaba da shan na asibiti. Idan kuwa baki ya sake karkacewa, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ko da na 'yan mintuna ne ya wuce, a garzaya asibiti a ranar, tare da ledar takardun.